Faifan da Ba a Ce Uffan a Cikinsa ba

Yau kam sai kun yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Maganar kiɗa ce, kiɗan ma na Turawa, na Turawan ma irin wanda ko a can garinsu ba kowa ne ke iya zama ya saurare shi har ƙarshe ba.

Mu Hausawa in aka kunna mana kiɗa, tambayar farko da ke zuwa bakinmu ita ce, me yake cewa? Ta biyu kuma, wa yake yi wa? Marigayi Shata in ya ɗauko waƙa, kalangai biye suke da shi kamar fadawa, magana ita ce sarki. Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal a kuntiginsa, kuma ba don tsirkiyar muke kasa kunne ba, sai don abin da zai faɗa a kan zaman duniya. Finafinan Indiya da muka tashi muna kallo ba ma jin yarensu, amma ba mu haƙura ba sai da muka ƙaƙaba wa waƙoƙinsu kalmomin Hausa, don bakinmu ya sami abin riƙewa. Kai, ko ganga ba mu ƙyale ta ba, cewa muka yi magana take yi, kowane take da abin da yake faɗa, na mahauta daban, na manoma daban, na sarauta daban. To ɗauki mutumin da ya tashi a haka, ka ajiye masa faifai na minti 46 wanda tun daga farkonsa har ƙarshensa babu wanda ya buɗe baki ya ce uffan. Yaya zai yi da shi? Labarin da nake son ba ku ke nan, don na fi shekara 30 ina kallon yadda mutanen gidanmu suke yi da wani faifai irin wannan.

Sunan faifan The Inner Mounting Flame, in an juya shi zuwa Hausa kusan a ce harshen wutar da ke ruruwa a cikin rai. Ƙungiyar da ta yi shi sunanta Mahavishnu Orchestra, kuma duk girman sunan nan mutum biyar ne kacal. A watan Yuli na 1971 suka fara hawa dandali tare a birnin New York na Amurka, a watan Agusta suka shiga sitidiyo, a Nuwamba kamfanin Columbia ya fito da faifan kasuwa. Masana kiɗa suna sa shi a sahun gaba na kiɗan da ya gauraya jaz da rok. Abin da ake nufi shi ne, an ɗauko al'adar 'yan jaz, inda makaɗi yake ƙirƙirar abin da zai kaɗa a daidai lokacin da yake kaɗa shi, sannan aka zuba mata ƙara da zafin jitar lantarki irin ta 'yan rok.

Mutum biyar ne, ƙasa biyar. Shugabansu John McLaughlin mai jita, mutumin Ingila ne, an haife shi a 1942. Kafin wannan ƙungiya ya yi aiki da Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon nan na Amurka, a faifansa In a Silent Way na 1969 da Bitches Brew na 1970, inda har Miles ya raɗa wa kiɗa guda sunan McLaughlin ɗin. Shi McLaughlin ya sha faɗa cewa Miles ne ya ce masa lokaci ya yi da zai kafa tasa ƙungiyar. Mai ganguna Billy Cobham baƙar fata ne, a Panama aka haife shi, a New York ya girma. Mai fiyano Jan Hammer ɗan birnin Prague ne, ya bar ƙasarsu a 1968, shekarar da tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shiga Czechoslovakia. Mai gogen Turawa Jerry Goodman ɗan Chicago ne. Sai na biyar, Rick Laird ɗan Ireland, mai jitar nan ta bes mai kaurin murya, wanda yawancin masu yabon faifan suke ambatarsa a ƙarshe, in ma sun tuna da shi.

Yadda aka yi faifan ya shigo gidanmu kuwa, Kawu ne. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara tara, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini bai taɓa kiran sunana ba, sai dai uwata. A 1974 gwamnati ta tura shi kwas Ingila a kan aikin injinan rediyo, ya yi shekara biyu, ya dawo da akwati guda cike da faifan garmaho. Akwai James Brown, akwai Jimmy Cliff, akwai Osibisa, waɗannan su ne abokansa suke roƙo a sa musu in sun zo hira. Amma ranar Lahadi bayan la'asar, in Allah ya sa akwai wuta, ba na kowa ba ne sai nasa. Zai zaro faifan daga rigarsa ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar mai ɗauke da ƙwai, ya goge shi da wani ƙyalle mai laushi da ba a yarda kowa ya taɓa ba, ya ɗora allura, ya koma kujerarsa ya rufe ido. Doka ɗaya ce: ba a magana. Yaron da ke son zama ya zauna, amma ko tari ne ya taso maka sai ka fita da shi tsakar gida.

Kiɗan farko sunansa Meeting of the Spirits, kuma ba ya sallama. Duk su biyar ɗin suke faɗowa lokaci guda, gwaram, ganguna su yi ta birgima kamar an buɗe ƙofar rumbu, a ɗan tsagaita, a sake faɗowa. Sai jita ta kama wani ɗan zagaye tana maimaitawa a hankali, goge da bes su shigo ta ƙarƙashinta da nasu zagayen daban, abin ya yi ta nannaɗuwa yana hawa har sai jitar ta ɓalle da gudu. Ina yarinya nakan ƙanƙame hannun kujera a wurin nan. A hankali na saba da shi kamar yadda yaro ke sabawa da yaji, yana hawaye yana miƙo hannu a ƙara.

Matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, faifan aljanu take ce masa. Ba don ƙarar ba, don gogen. Ta tashi a wani ƙauye da gidansu yake katanga ɗaya da gidan 'yan bori, saboda haka ita in ta ji kukan goge yana tsawo yana karkarwa, ta san abin da ake kira. Da na shiga sakandare na fara tsintar Turanci, wata rana na ɗauki rigar faifan ina karanta mata sunayen kaɗe-kaɗen ina fassarawa, na ce na farkon ma'anarsa taron ruhohi, ko taron iskoki. Ta dire tiren da ke hannunta ta tafa hannu.

"Alhaji ka ji ko? Su da bakinsu suka faɗa! Shekara nawa ina gaya maka?"

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ranar kam dokar shiru ta karye.

Amma ita Hajiyar akwai inda ake kama ta. Kiɗa na huɗu, na ƙarshe a fuskar farko ta faifan, sunansa A Lotus on Irish Streams, wato furen bado a ƙoramun Ireland. Babu ganga a cikinsa, babu lantarki, daga fiyano sai goge sai jitar katako, suna tafiya a hankali kamar masu rakiyar baƙo. Da zarar ya fara sai ka ga Hajiya a bakin ƙofar falo da tiren shinkafa tana tsinta, wai ita ba saurare take yi ba. In ya ƙare sai ta ce, "Allah sarki, wannan matarsa ce ta rasu ta bar masa yara." Babu wanda ya gaya mata haka, babu inda aka rubuta. Ita ta ɗinka masa labarin, kuma har ta koma ga Allah ba ta canja shi ba.

Game da gogen nan, ni ina ganin kunnen Bahaushe ya fi na Bature shirin karɓarsa. Su a wurinsu goge kayan manyan ɗakunan taro ne, na masu kwat da zama shiru, saboda haka da Goodman ya jona nasa da lantarki yana sa shi ƙara da gurnani, abin mamaki ne gare su. Mu kuwa da muka ji kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam mun san tsirkiya tana shewa, tana habaici, tana tsokanar mai rawa. Abin da ya bambanta shi ne, su namu kukuma tana amsa wa murya ne, mawaƙi ya faɗa ta maimaita. Na Goodman babu muryar da yake jira, jita yake bi, su biyun su kama layi ɗaya mai tsawo da sauri su tafi tare ƙafa da ƙafa, har ka rasa wanne ne goge wanne ne jita.

Ni ta ƙofar Indiya na shiga. Tun kafin in san komai a kan McLaughlin nake jin wani abu a yadda jitarsa take lanƙwasa sauti, da yadda ƙaramin zagaye yake ta dawowa yana ƙara zafi, wanda ya yi mini kama da wurin da ake rawa a fim ɗin Indiya, can inda mai tabla da mai rawa suke tsere. Daga baya na sami dalili. Mutumin ya duƙufa a kan kiɗan Indiya, ya zauna ya koya wurin masu shi. Sunan ƙungiyar ma daga addinin Hindu yake, wani malaminsa mai suna Sri Chinmoy ne ya laƙaba masa Mahavishnu, kafin daga baya su rabu. Wannan tsakaninsa da abin da ya yi imani da shi ne, ni kiɗan na ɗauka, kuma da yake ba a ce komai a cikinsa ba babu abin da zan maimaita da bakina. Bayan Mahavishnu ta farko ta watse ya kafa wata ƙungiyar mai suna Shakti tare da makaɗan Indiya, cikinsu har da mai tabla Zakir Hussain, wanda ya rasu a watan Disamba na 2024. Ku da kuka kalli Kal Ho Naa Ho na 2003 kuka sha kuka, to ɗaya daga cikin mutum ukun da suka tsara waƙoƙinsa, Shankar Mahadevan, shi ne mawaƙin Shakti a faifansu This Moment da ya ci kyautar Grammy a 2024. Kun ga ashe ba mu yi nisa da gida sosai ba.

Wani abin da ya ɗauko daga can shi ne ƙirga. Yawancin kiɗan da muke ji a rediyo huɗu-huɗu yake tafiya, ƙafarka ta san inda za ta sauka ko kana barci. A Indiya kuwa zagaye mai bugu 7 ko 10 ko 16 ba baƙon abu ba ne. To a wannan faifan kiɗan da ake kira Vital Transformation bugu 9 ne, The Dance of Maya kuma 10. Wannan ne ya sa mutum yake jin kamar ana ja masa tabarma in ya tashi rausayawa. Masu son faifan a ƙasashen Turai da Amurka, musamman waɗanda su ma makaɗa ne, nan suka fi zama, su yi ta lissafi da yatsu suna gardamar inda ɗaya take.

Na taɓa gwada shi a kunnen wanda ba ya lissafi. Bikin 'yar ƙanwata ne, an ɗauko masu kalangu, mata ba su gama taruwa ba, babbansu wani dattijo yana zaune a inuwar zaure yana ɗaure tsarkiyar kalangunsa. Na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah ga wani mai ganga ina so ka ji mini shi." Na kunna masa Vital Transformation a waya, don shi da ganguna zalla yake farawa, Cobham shi kaɗai. Dattijon ya karkata kai, ya fara buga gwiwarsa da yatsu. Ya bi, ya bi, sai ya ɓace. Ya ce in mayar. Ya sake bi ya sake ɓacewa a daidai wurin. Na uku sai ya yi murmushi.

"Hajiya, ai yaron nan gyara yake yi. Ya auna huɗu, ya auna huɗu, sai ya ɗan ƙara maka ɗaya a kai, kamar mai awon kirki."

Wallahi duk bayanin da na karanta a kan bugu taran nan babu wanda ya kai wannan. Sai kuma ya yi abin da na san za a yi. Ya rufe ido yana motsa baki, yana neman maganar da za ta zauna a kan bugun, har ya samo ta: ba ni nawa, ba ni nawa, kai! Ku ƙirga gaɓoɓin, tara ne cif. Da ya sami maganar shi ke nan, ya saɓa kalangu a hammata ya bi Cobham tiryan-tiryan bai ƙara ɓacewa ba, yaransa suna dariya suna cewa Baba ya shiga kiɗan Turawa.

Da na ga abin ya karɓe shi sai na sa masa The Dance of Maya, wanda ni a wurina shi ne zuciyar faifan. Yana farawa da wani zagaye mai duhu, jita tana hawa tana sauka a kan bugu 10 kamar mai taka matakalar soro da dare. Ana cikin haka sai ganguna su sauya taki, su koma irin na bulus, tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka mai tafiya uku-uku, sai dai a ƙarshen kowane zagaye ana gutsure masa kaɗan don ya tsaya a 20, wato goma sau biyu. Sai kowa ya bi gangunan, wuri ya koma kamar gidan rawa. Can gaba kuma zagayen nan mai duhu ya dawo ya hau kan bulus ɗin, a kaɗa su tare, sai ka gane ashe tun farko awonsu ɗaya. Dattijon bai buga komai ba a wannan, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kishiyoyi ne. Kowacce da ɗakinta, amma tukunya ɗaya suke ci." Ya tambaye ni ko mai gangar yana da rai, na ce yana nan, ya haura tamanin. Ya ce in na sami mai zuwa a gaishe shi.

Maganar da Baba mai kalangu ya ɗora wa kiɗan nan ta daɗe tana ba ni dariya, don bai san ya faɗi abin da ya kashe ƙungiyar ba. Duk kaɗe-kaɗe takwas ɗin da ke faifan sunan McLaughlin kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya tsara, a bangon ma sunansa ne kaɗai aka ware aka ɗora kusa da na ƙungiya. Sauran suna ganin su ma da hannunsu a miyar, kuma suna son a sa nasu kaɗe-kaɗen. Faifansu na biyu Birds of Fire ya fito a 1973, ya ma fi na farkon kasuwa, har ya kai lamba 15 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka. A tsakiyar shekarar suka shiga wani sitidiyo a Landan don yin na uku, rigima ta hana shi fitowa, sai a 1999 aka tono shi aka sake shi. Kafin 1973 ta ƙare sun watse. Shekara biyu da rabi ke nan duka-duka. Wanda duk ya taɓa rubuta littafi ya ga an mai da shi fim babu sunansa, ko ya ga wanda ya ba da kuɗin bugu ya fi shi girman suna a bango, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ni dai ban iya ɗaukar ɓangare a rigimar nan. Ba don McLaughlin ba babu waɗannan zagaye masu rikitarwa, amma ka cire Cobham ka sa wani, faifan ya zama lissafi kawai.

Akwai masu sukarsa, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Suna cewa gudu ne kawai da burga, kowa yana son nuna yatsunsa sun fi na wani sauri. A kan kiɗan ƙarshe, Awakening, ni ma ina tare da su, minti uku da rabi ne na tsere wanda in ya ƙare ba na tuna komai sai gajiya. The Noonward Race ma rabinsa nake so, farkonsa inda jita da ganguna suke fuskantar juna su biyu kamar 'yan dambe. Amma wanda ya ce faifan duka gudu ne bai kai ga Dawn ba, bai kuma kai ga You Know You Know ba. Wannan na biyun 'yan sautuka kaɗan ne ake ta maimaitawa a hankali, da fili mai yawa a tsakaninsu, sai can ba zato a soka wani sauti mai kaifi a wurin da ba ka sa rai ba, a koma a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Irin zaman mata da miji ne da suka yi faɗa jiya, yau ana shan koko ana gaisawa sama-sama.

Da shi nake rubuta irin waɗannan wuraren a littattafaina. Masu karatuna sun sha tambayata yadda nake yi in haɗa mutum huɗu ko biyar a falo ɗaya suna cacar baki ba tare da maganar wani ta ɓace ba. Ban taɓa ba su amsar gaskiya duka ba, don wa zai yarda? In zan rubuta zaman sulhu ko rabon gado, faifan nan nake sawa a kunne cikin dare bayan yara sun kwanta. A cikinsa na ga yadda mutum biyu za su faɗi magana ɗaya a lokaci ɗaya amma kowa da nufinsa, da yadda wanda ya yi shiru yake riƙe da ɗakin, da yadda ake katse mutum a tsakiyar numfashi. Waƙa mai kalmomi ba ta yi mini wannan aikin, don kalmominta sai su shigo cikin nawa su yi kane-kane. Ka ga ke nan ni ma ban bar shi haka ba, Hajiya labari ɗaya ta ɗora masa, ni kuwa littattafai.

Ɗana na fari, mai shekara 19, wanda ba ya jin komai sai gambarar zamani, ya shigo wata rana ina jin You Know You Know, ya tsaya ya ce, "Umma, wannan ai ɗora waƙa kawai yake jira, wa ya yi shi?" Na ce an riga ka. Wata ƙungiya ta birnin Bristol a Ingila mai suna Massive Attack ta yanki wannan kiɗan ta ɗora waƙarta One Love a kai tun 1991, haka ma mawaƙin gambarar Amurka Mos Def ya yi daga baya. Bai ji haushi ba, cewa ya yi in tura masa. Kwana biyu ina jin sa a ɗakinsu yana gwada baitoci a kai.

Duk cikinmu Kawu ne kaɗai bai taɓa ɗora masa komai ba. Ban taɓa jin ya ce wannan wurin kuka ne, ko faɗa ne, ko kaza yake nufi ba. Na taɓa tambayarsa, lokacin ina budurwa, na ce, "Kawu, wai me suke cewa ne?" Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya ce, "Uwata, in da abin faɗa ne ai da sun faɗa." Ya mayar da idonsa ya rufe.

Yanzu Kawu ya kusa tamanin, kuma kunnensa yana tafiya. Likita ya yi mana bayani cewa irin wannan rashin ji na tsufa daga sama yake farawa, siraran sautuka su ne suke fara ɓacewa, masu kauri su ne suke jimawa. Muryar jikokinsa mata ta riga ta maza tafiya. Kukan tsuntsayen da ke bishiyar darbejiyar ƙofar gida ya ce ya daɗe bai ji ba. Ni da na ji bayanin nan abin da ya faɗo mini a rai shi ne gogen Goodman, da can ƙololuwar jitar McLaughlin inda take ƙara kamar za ta tsage, wato duk abin da ya sa mutane suke yabon faifan. Garmahon yana nan, shi da kansa yake gyaransa, allura ce kawai take wahalar samu sai an aiko masa daga waje. Amma ya kai wata shida bai kunna ba, mu kuma babu wanda ya iya tambayarsa dalili.

Ranar wata Lahadi bayan sallar layya na je gaishe shi, na tarar ya jawo kujerarsa har jikin lasifika, irin dogayen nan na katako, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙyallen gabanta, faifan yana juyawa. Na zauna a ƙasa ban yi magana ba. Dawn ne yake tafiya, kiɗa na biyu. Ya ƙure ƙarar har gilashin taga yana rawa. Da fuskar farko ta ƙare allura ta ɗaga, sai ya juyo.

"Uwata, akwai wani bawan Allah a ƙarƙashin kiɗan nan. Duk haukan da suke yi a sama, shi yana nan wuri ɗaya yana riƙe musu ƙasa. Shekara hamsin ina jin faifan nan, sai yanzu da sauran suka yi nisa muka haɗu da shi. Duba mini sunansa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun."

Ban buƙaci dubawa ba, amma na ɗauki rigar faifan na duba. Na matsa kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi ji, na ce Rick Laird. Na gaya masa a Dublin aka haife shi a 1941, ya yi shekaru yana kaɗa bes a gidan jaz na Ronnie Scott a Landan, inda duk baƙon makaɗin da ya zo daga Amurka shi yake raka shi. Na ce a farkon shekarun 1980 ya ajiye kiɗa ya koma ɗaukar hoto, yana ɗaukar 'yan uwansa makaɗa, kuma ya rasu a 2021.

Kawu ya jinjina kai ya ce, "Mai hoto. To ai dama."

Na ce masa a faifansu na biyu akwai wani kiɗa mai suna One Word inda aka bar wa Laird fili shi ma ya yi nasa, in yana so zan sa yaro ya kawo masa a waya a jona da lasifikar. Ya ce a kawo, amma ba yau ba. Ya miƙo mini ƙyallen nan mai laushi, karo na farko a rayuwata, ya ce in goge ɗaya fuskar in juya masa, hannunsa ya fara rawa yana tsoron kada ya karce shi.